Kakar Da Jami'ar Houston Ta Lashe Wasa 16 Ba Faɗuwa, Da Taimakon Wani Saurayi Daga Ikko

Daga Wakilinmu

A ƙasar Amurka jami'o'i ba su shiga gasar ƙwallon kwando kara-zube. An rarraba su ne rukuni-rukuni. A da bisa ga shiyya ake yi, kowace ta kara da 'yan rukuninta gida da waje, wadda ta fi yawan nasara ta zama zakara. A kakar wasa ta 1982 zuwa 1983, rukunin Kudu maso Yamma yana da jami'o'i tara, takwas daga Jihar Texas, ɗaya daga Arkansas. Ke nan kowace ƙungiya tana da wasa 16. Ƙungiyar maza ta Jami'ar Houston ta yi dukkan 16 ɗin nan ba tare da an kayar da ita ko sau ɗaya ba.

Mai koyar da 'yan wasan, Guy Lewis, yana riƙe da ƙungiyar tun shekarar 1956, kuma yana da ra'ayi guda wanda bai ɓoye ba. A ganinsa, jifa daga nesa caca ce, amma wanda ya yi tsalle ya dankara ƙwallo cikin kwando da hannunsa da wuya ya kuskure. An haramta irin wannan dankarawa a wasannin jami'o'i daga 1967 zuwa 1976. Da aka ɗage dokar, sai Lewis ya gina wasansa a kanta: a ƙwace ƙwallo, a sheƙa a guje tun abokan karawa ba su koma gida ba, a dankara. Wani marubucin jaridar Houston Post, Thomas Bonk, shi ne ya laƙaba musu suna Phi Slama Jama a watan Janairu na 1983, yana kwaikwayon sunayen ƙungiyoyin ɗalibai na can, sunan kuwa ya bi su.

Galibin taurarin 'yan birnin Houston ne. Akwai Clyde Drexler, gwanin gudu da tsalle, da Michael Young wanda ya fi kowa cin maki, da Larry Micheaux mai ƙarfin tsiya a gindin kwando. Amma ginshiƙin tsaron gida baƙo ne daga Nijeriya, wato Hakeem Olajuwon, wanda a lokacin ake rubuta sunansa Akeem.

An haifi Olajuwon a Ikko a shekarar 1963. Da farko mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma wasan ƙwallon hannu. Dalilin wata gasar makarantun horon malamai da aka shirya a Sakkwato ne aka jawo shi cikin ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantarsu, Kwalejin Horon Malamai ta Musulmi da ke Ikko. Ya isa Houston a 1980, dogo mai kimanin ƙafa bakwai, amma ɗanye shar a wasan. Shekarar farko bai buga wa jami'ar ba, a ta biyu kuma daga benci ake sako shi. Abin da ya gyara shi shi ne gumurzun da ya riƙa yi lokacin hutu da Moses Malone, ƙwararren ɗan wasa, a wani zauren motsa jiki na birnin. A kakar da muke magana a kanta, a kowane wasa yakan ci maki kusan 14, ya cafe ƙwallon da ta kuskure kwando sau 11, ya kuma doke jifan abokan karawa sau biyar. Daga irin wannan dokewa da cafewa ne sauran ke samun ƙwallon da za su ruga da ita.

Kakar ba ta fara da daɗi ba. A watan Disamba na 1982 Jami'ar Syracuse ta kayar da su, sannan Jami'ar Virginia ta maimaita musu a wani wasa da aka yi a Tokyo ta ƙasar Japan. Daga nan ne suka farga, suka jera nasara 26 a jere. Babbar kishiyarsu a rukuni ita ce Arkansas ta Eddie Sutton, wadda ta ci wasa 14 cikin 16. Wasa biyun da ta faɗi duk a hannun Houston ne, kuma su ne suka raba gardama. Bayan haka Houston ta tafi Dallas ta ɗauke kofin sili-ɗaya-ƙwale na rukunin, aka kuma sanya ta lamba ɗaya a duk ƙasar.

Zakaran rukuni yakan wuce gasar ƙasa baki ɗaya, inda faɗuwa ɗaya ke kora ƙungiya gida. Houston ta fitar da Maryland da Memphis State da Villanova, sannan ta lallasa Louisville da ci 94 da 81 a wasan kusa da na ƙarshe. Saura Jami'ar Jihar Carolina ta Arewa, wadda aka riga aka kayar sau 10 a wannan kaka. Kaɗan ne suka ba ta wani zato.

Sai dai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ranar 4 ga Afrilu, 1983, a birnin Albuquerque, Drexler ya yi laifi huɗu tun kafin hutun rabin lokaci, alhali na biyar ke fitar da ɗan wasa. An tafi hutu Carolina tana gaba da 33 da 25. Da aka dawo Houston ta ci maki 17, abokan karawa biyu kacal, ta wuce gaba da 42 da 35. Birnin yana kan tudu mai iska kaɗan, Olajuwon ya fara haki, sai Lewis ya umurci yaransa su rage gudu su riƙa cinye lokaci.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Jim Valvano, mai koyar da Carolina, ya san raunin Houston shi ne jifan hukunci, wanda ake bai wa wanda aka yi wa ƙeta ya tsaya a layi ya jefa ba mai tare shi. Sai ya sa yaransa suna yin laifi da gangan. Cikin jifa 19 irin wannan, 10 kawai Houston ta ci. Ana 52 da 52, saura daƙiƙoƙi, Dereck Whittenburg ya jefa daga nesa, ƙwallon ta kasa isa, Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya dankara. Da makamin Houston aka kashe Houston, 54 da 52.

Olajuwon, wanda ya ci maki 20 a daren, shi aka zaɓa gwarzon gasar duk da faɗuwar ƙungiyarsa. Houston ta rufe kaka da nasara 31 da faɗuwa uku. A 1984 ta sake zama zakaran rukuni, ta sake faɗuwa a wasan ƙarshe, wannan karon a hannun Georgetown. Lewis ya yi ritaya a 1986 bai ɗauki kofin ƙasa ba, rukunin kansa kuma ya watse a 1996.

Olajuwon da Drexler sun sake haɗuwa a ƙungiyar ƙwararru ta Houston Rockets, inda suka ɗauki kofin NBA tare a 1995, shekara 12 bayan daren Albuquerque.