Dogo yana Samaru, fasinja yana bakin titi

A Zariya, mai zuwa Sabon Gari daga Samaru yakan tsaya bakin titin Sakkwato yana jiran bas ko Keke Napep, alhali ga layin dogo a bayansa, shekara da shekaru ba jirgin fasinja. Wannan reshe ne da ya tashi daga Zariya ya bi Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Gyaɗa da auduga aka shimfiɗa shi ya kwasa, sai gari ya girma a jikinsa: Kwangila, Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, kasuwar Samaru, Hayin Dogo, har Shika mai asibitin koyarwa.

Abin da ke cika jirgin cikin gari ke nan: ya ratsa inda mutane suke kwana, ya kai su inda suke nema. Fasinja yana lissafin tafiyarsa ne daga ƙofar gida. In sai ya hau acaɓa zuwa tasha, ya jira, ya sauka ya sake neman abin hawa, to gara masa bas tun farko. Jirgin Abuja da aka buɗe a 2018 ya nuna haka. Ya haɗa tsakiyar birni da Idu da filin jirgin sama, amma yawancin tashoshinsa sun yi nisa da unguwannin ma'aikata, taragu suka riƙa yawo ba cika.

Zariya ma ta taɓa ganin illar sauya abin hawa. Ƙaramin jirgin Bauchi, wanda ya haɗa ta da Jos a 1914 don kuza, siririn dogo gare shi, don haka dole a sauke kaya a Zariya a sake lodi a babban jirgi. Da babban dogo ya iso yankin Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ta canja hanya. A 1957 aka rufe siririn dogon.

Shi ya sa nake ganin sabon dogon Kaduna zuwa Kano, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ba zai amfani ɗalibin Samaru yadda ya kamata ba sai an yi masa mahaɗi da cikin gari. Filin tsohon layin Samaru yana nan. A gyara shi, a sa tashoshi kusa da juna, jirgi ya riƙa zuwa a kai a kai, kafin gine-gine su cinye gefensa.