MAZAN JIYA NA ƘAREWA, BA A ƊAUKI MURYARSU BA

Ran 15 ga watan Janairu na kowace shekara, tun da hantsi akan rufe hanyoyin da ke kewaye da Dandalin Eagle a Abuja. Shugaban Ƙasa da manyan hafsoshi sukan zo su ajiye furanni a gaban abin tunawa da sojan da ba a san sunansa ba, a harba bindiga, a busa bigila, a saki fararen tattabaru. Can a gefe kuma akan ga waɗansu tsofaffi cikin kakin ƙungiyar mazan jiya, lambobin yabo na rataye a ƙirjinsu, wani da sanda, wani a keken guragu. Kafin azahar an watse, kowa ya nemi motarsa. Da wuya a ga wanda ya ja ɗaya daga cikin tsofaffin nan gefe ya ce, "Baba, wannan lamba a ina aka samo ta?"

A da can ran 11 ga watan Nuwamba ake wannan biki, kamar sauran ƙasashen da Ingila ta mallaka. Daga baya aka mayar da shi 15 ga Janairu, watau ranar da aka gama yaƙin basasa a 1970. To, yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a farkon wannan yaƙi, cikin 1967, yau ya haura shekara 75. Wanda kuwa aka ɗauka kurtu a 1943 aka kai shi Bama, in har yana da sauran numfashi, ya kai ɗari ko ya wuce. Lissafin ba ya bukatar malami.

Mutanen Abuja da yawa sun san Barikin Mogadishu da ke kan hanyar Keffi, ko don gasasshen kifin kasuwarsa. Amma kaɗan ne suka san cewa wannan suna ya shiga tarihin sojan Nijeriya tun watan Fabrairu na 1941, sa'ad da Birged ta 23 ta Nijeriya ta karɓe birnin Mogadishu daga hannun Italiya, sa'an nan ta nausa zuwa ƙasar Habasha. Haka Barikin Dodan da na Myohaung da na Arakan a Ikko, da Letmauk a Badun, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, duk sunayen wurare ne na ƙasar Bama. Barikin Chindit na Zariya kuwa sunan wata runduna ce ta musamman wadda bataliyoyi uku na Nijeriya suka yi yaƙi a cikinta a 1944, a bayan layin abokan gaba. Sunayen suna nan a allon ƙofar bariki. Mutanen da suka taka waɗannan wurare da ƙafarsu, su ne babu labarinsu.

A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, aka ɗebe su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga nan zuwa kwarin kogin Kaladan da gaɓar Arakan don su kara da sojan Japan. Daji ne mai duhu da tsaunuka, ba hanyar mota, saboda haka da kai aka riƙa ɗaukar harsashi da sassan igwa, abinci kuma jirgin sama ke jefo shi. Harshen da sojan Nijeriya ke magana da shi a lokacin Hausa ne. Da Bature hafsa, da Batibi, da Bazabarme, da Babarbare, kowa da ita yake ba da umurni ko karɓa, har aka sami irin Hausar nan da ake kira Barikanci. Watau ke nan an yi babban yanki na yaƙin Bama da Hausa, amma wanda duk ya tashi neman tarihinsa yau, da Turanci zai same shi, kuma galibi daga bakin hafsoshin Turawa. Gidan adana kayan tarihin yaƙi na Landan ya buɗe sashen ɗaukar murya tun 1972, ya bi tsofaffin sojansa gida gida da rikoda. Farabitin da ya koma Argungu ko Azare bayan sallama, ba wanda ya bi shi.

Abin da ake asara sai an dubi na mutum guda da nasa labarin ya tsira. Isaac Fadoyebo, mutumin Emure-Ile kusa da Owo, ya shiga soja a 1942 yana ɗan shekara 16, aka sa shi cikin ma'aikatan jiyya na runduna ta 81. A watan Maris na 1944 sojan Japan suka yi musu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, suka kashe da yawa, shi kuma suka bar shi kwance da karyayyar cinya suna tsammani ba zai kai gobe ba. Wani talaka Musulmi, manomi, mai suna Shuyiman, shi ya ɓoye shi tare da wani soja ɗan Saliyo, David Kagbo, ya riƙa ciyar da su alhali ya san in an gane kashe shi za a yi. Sai bayan wata tara aka ceto su. Fadoyebo ya komo gida yana ɗingishi, ya yi aikin gwamnati a Ikko, kuma da yake ya yi makaranta sai ya zauna ya rubuta abin da ya same shi. Wani malamin tarihi, David Killingray, ya sa aka buga shi a 1999. Daga wannan ɗan littafi ne ɗan jarida Barnaby Phillips ya nemo tsohon, ya ɗauki hirarsa a fim ɗin da gidan talabijin na Al Jazeera ya nuna a 2011, har ya je Bama ya gano 'ya'yan Shuyiman, ya miƙa musu wasiƙar godiya bayan shekara 67. Fadoyebo ya rasu a 2012. Da an yi jinkirin shekara biyu, da ba a ji muryarsa ba.

Shi alƙalami ya cece shi. Yawancin 'yan Arewa da suka je ba su iya boko ba, labarinsu a zaure ya tsaya, ko a gindin bishiya bayan la'asar, inda yara kan yi wa tsoho dariya su ce ya fara Bamarsa. Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, da irin labaran da ya ji daga mahaifinsa ya rubuta littafin Burma Boy a 2007, ya kuma sa jarumin labarin ya zama yaro Bahaushe. Amma wannan ƙagaggen labari ne, ba ya maye gurbin bakin mai shi.

Game da yaƙin basasa an ɗan taɓuka. A shekarar 2000 aka buga wani ƙaton littafi wanda Manjo Janar H. B. Momoh ya tsara, cike da hirarrakin da aka yi da waɗanda suka yi yaƙin daga ɓangarorin biyu. Aiki ne na a yaba, sai dai da Turanci yake, kuma muryar manya ta fi yawa a ciki. A Kudu akwai masu ƙoƙarin kansu. 'Yar jarida Chika Oduah ta yi ta tattara shaidar waɗanda suka ga yaƙin Biyafara tana ajiyewa a intanet, waɗansu malamai biyu na wata jami'a a Amurka kuma, Elizabeth Bird da Fraser Ottanelli, sun ɗauki muryar waɗanda suka tsira daga kisan da aka yi a Asaba cikin Oktoban 1967, suka fitar da littafi a 2017. Sojan Nijeriya kafin yaƙin bai fi dubu 10 ba, ya kai wajen dubu 250 da aka gama. Ɗimbin waɗannan samari daga Arewa suka fito, har da tsofaffin 'yan Bama da aka sake kira. Abin da suka gani, da abin da waɗansunsu suka aikata, mai daɗin ji da marar daɗi, su kaɗai ke iya faɗinsa. In sun tafi da shi, sai kowane ɓangare ya ci gaba da rantsuwa da nasa ƙaulin.

A Amurka majalisa ce ta yi doka a shekarar 2000 cewa babban ɗakin karatu na majalisar ya riƙa tara labaran mazan jiya. Ba ma'aikatan gwamnati ke yawon ɗauka ba. Jika ne, ko ɗalibi, ko maƙwabci, zai zauna da tsohon soja ya ɗauki hirar da ba ta gaza rabin sa'a ba, ya haɗa da wasiƙu da hotuna in akwai, ya aika. Ta haka suka tara na mutum fiye da dubu 100. Kayan aikin da ake bukata yau yana aljihun kowane saurayi a Nyanya da Kubwa, watau wayar hannu.

Masu wannan sana'a sun ce kada a fara da tambayar mutum nawa ka kashe. Wannan tambaya ita ke rufe bakin tsoho. A fara da garinsu, da ranar da aka ɗauke shi, ko da son ransa ya tafi ko hakimi ne ya ba da sunansa, me uwarsa ta ce. A tambaye shi abin da suke ci, yadda suke salla ko zuwa coci a bakin daga, wa ke rubuta masa wasiƙa, nawa ne albashinsa, me ya saya da kuɗin sallama. Zancen kuɗin nan ba ƙarami ba ne, gama takardun da aka tono a 2019 sun nuna cewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu farabiti Bature sule 10 aka ba shi a kan kowane watan da ya yi aiki, ɗan Afirka kuwa sule uku da sisi. In ya yi shiru a bar shi, in ya yi kuka a kashe na'ura. In kuma ya ɗan ƙara gishiri, to, a bar masa kayansa, daga baya a gwada da na abokan tafiyarsa. Kuma lalle ne a faɗa masa inda za a kai muryar, a nemi yardarsa, don kada ya zaci hirar za ta taɓa masa fansho.

Matan bariki ma suna da nasu. Magajiyar bariki ta san gidan da aka kawo wa saƙon mutuwa, da matar da aka ce ta kwashe kayanta ta bar ɗaki. Ita kanta kasuwar Mami da ke kowane bariki sunan mace ce, Mammy Ochefu, matar wani ƙaramin soja wadda ta fara sayar da kunu a barikin Inugu a 1959.

Abuja ce ta fi dacewa da a soma. A nan hedkwatar ƙungiyar mazan jiya take, wadda aka kafa da doka tun 1964, a nan Ma'aikatar Tsaro take, ga kuma Hukumar Fanshon Soja a Dutsen Alhaji. A da, duk sa'ad da aka yi aikin tantance masu fansho, tsofaffin nan sukan fito daga ƙauyukansu su yi layi, a duba lambarsu, a ɗauki hotonsu da zanen yatsa. Ba abin da zai hana a ajiye tebur guda da kujera biyu a gefe, da saurayi mai jin Hausa ko Tibi ko Ibo, wanda ya ga dama ya zauna ya yi magana. Wurin ajiya ma akwai: Gidan Arewa a Kaduna yana tara takardun tarihi tun 1970, ga Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, ga gidan kayan tarihin yaƙi na Umuahiya. Sai dai a ajiye kowace hira a wuri fiye da ɗaya, a kuma rubuta ta da harshen da aka yi ta, domin kaset yana cin kansa a cikin zafi, waya kuwa ɓata take yi. Bayan 'yan basasa akwai na Labanan, da na Laberiya da Saliyo, waɗanda su ma furfura ta fara kama su, ga kuma samarin da ke dawowa daga Sambisa da bakin Tafkin Chadi.