Wayar Da Ba A Dannawa

Yau shirinmu zai duba wata waya ce da aka riƙa bai wa masu ɗigon rigakafin shan inna a arewacin Najeriya. Ba a ce su buga waya da ita ba, ba a ce su rubuta komai a cikinta ba. Umurnin kawai shi ne, a karɓe ta da safe, a sa a aljihu ko a jaka, a dawo da ita da yamma. A ganina dabarar tana nan, kuma duk mai ƙera manhaja domin talakawa ya kamata ya tsaya ya dube ta da kyau.

A shekarar 2012 Najeriya ta samu yara 122 da ƙwayar shan inna ta kama, fiye da rabin abin da aka samu a duniya baki ɗaya. Magani akwai shi, ma'aikata suna fita, amma ana ta tsallake yara. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne taswira. Ku saurara da kyau: taswirar da ayarin rigakafi ke bi, da hannu aka zana ta, a kan takarda. Wani jami'in mazaɓa ne zai zauna ya ja layi ya ce ga hanya, ga masallaci, ga gidan mai unguwa, ga rafi. Abin da ya sani ya zana. Abin da bai sani ba, ruga ce ko tungar da aka kafa bara, babu ita a takarda, kuma wurin da babu shi a takarda babu wanda za a tura. A kan iyakar mazaɓu biyu kuwa, kowa yakan ɗauka na maƙwabcinsa ne. Sai aka ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam aka sake zana taswirorin, aka bi ƙauyuka ana tambayar sunayensu, aikin da gidauniyar Gates ta ɗauki nauyinsa, ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano kuma ta kasance cikin masu gudanar da shi. Wayar kuma aikinta shi ne ta riƙa adana inda ayarin yake lokaci zuwa lokaci. Da yamma a kwashe bayanan a ɗora su a kan taswira, washegari a ga inda aka taka da inda ba a taka ba.

To me ya sa ba a cika wayar da tambayoyi ba? Ku tuna matar da ke wannan aiki. Hannu ɗaya riƙe da akwatin sanyi, ɗaya da alli tana sa alama a jikin bango, ga tawadar da take shafa wa yaro a ɗan yatsa, ga uwar gida tana jiran a lallashe ta, ga rana. Idan manhaja ta ce sai ta tsaya ta danna wuri biyar a kowane gida, ko dai ta daina dannawa ko ta cika ƙarya da yamma. Sauƙin amfani a nan shi ne ke raba bayanin gaskiya da na bogi. Haka ma a ɗaya ɓangaren: jami'in da ke cibiyar ayyukan gaggawa ba ya buƙatar dubban lambobi, yana buƙatar ya ga unguwar da aka tsallake tun kafin zagayen rigakafin ya ƙare, ya tura mutane.

Irin wannan sauƙi kuwa ba ya samuwa a zama ɗaya. A watan Fabrairun 2001 wasu masu rubuta manhaja su 17 suka haɗu a Snowbird, jihar Utah ta Amurka, suka fitar da tsarin da ake kira Agile: a gina kaɗan, a miƙa wa mai amfani, a ji kukansa, a gyara, a sake. Rigakafin shan inna ya dace da wannan tsari, domin zagaye-zagaye ake yinsa sau da dama a shekara. Kowane zagaye gwaji ne, ko batir ya mutu, ko an sa wa ƙauye sunan da mutanensa ba su san shi da shi ba, sai a gyara kafin na gaba.

Akwai masu suka, kuma sukar tasu da nauyi. Suna cewa sawun waya ba ya nuna an ɗiga wa yaro magani, mutum zai iya yawo da ita a kan babur bai shiga gida ko ɗaya ba. Gaskiya ne. Taswirar tana da ƙarfi wajen nuna inda ba a je ba, ba ta iya shaidar abin da aka yi a inda aka je, shi ya sa ba a daina tura masu binciken yatsun yara ba. Wasu kuma na cewa leƙen asirin ƙananan ma'aikata ne, mata masu ɗan alawus da ke sa rayuwarsu a haɗari, ba a manta waɗanda aka harbe a Kano a Fabrairun 2013 ba. Wannan ya fi damuna. Amsata ita ce, idan gibi a taswira ya zama dalilin hukunci kawai, za a koyi yaudarar wayar. Idan ya zama dalilin tambaya, sai a gano cewa an ɗora wa ayari ɗaya aikin ayari biyu, a ƙara hannu.

Lokaci na neman ƙure mana. An ga asalin ƙwayar karo na ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a 2016, ranar 25 ga Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Sarakuna da malamai da matan da suka bi gida-gida ne suka ɗauki babban nauyin. Taswirorin ƙauyukan kuma ba a ajiye su ba, an ci gaba da amfani da su wajen tsara wasu ayyukan rigakafi da ƙiyasin yawan jama'a.