ALGUS A GWAJIN HAYAƘI: ABIN DA KIRANYEN MOTA KE NUFI GA MAI ITA

Duk wanda ya zauna Legas ya san tashar da ake kira Volks a kan hanyar Badagry, wajen Ojo. Sunan ya samo asali ne daga masana'antar Volkswagen da aka buɗe a wurin cikin 1975, inda aka riƙa harhaɗa 'yar ƙaramar motar nan mai ƙusumbi. Har ila yau akasarin motocin danfo masu ruwan ɗorawa da suka daɗe suna jigilar mutanen Ikko ƙirar wannan kamfani ne na ƙasar Jamus. Saboda haka sunan ba baƙo ba ne ga jama'armu mazauna Kudu.

To, wannan kamfani ne aka kama da hannu dumu-dumu cikin 2015 yana algus a gwajin hayaƙin mota. Labarin ya faru ne a Amurka da Turai, amma akwai darasi a cikinsa ga duk mai sayen tokumbo, domin ya nuna abin da ake nufi da kiranyen mota, da wanda ke cin moriyarsa, da kuma wanda ake mantawa da shi.

MUDU BIYU

A ƙasashen Turawa ba a sayar da sabuwar mota sai hukuma ta auna hayaƙinta. Akan shigar da ita wani ɗaki, a ɗora tayoyinta bisa wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, ta yi ta gudu a wuri ɗaya, ana tara abin da ke fita daga salansa ana aunawa. Daga cikin abubuwan da ake nema har da wata iska mai suna naitirojin oksaid, wadda injin dizal ke fitarwa da yawa. Ita wannan iska tana cin huhu, tana tayar da asma, tana kuma ƙara wa masu ciwon zuciya wahala.

Rage ta kuwa yana da tsada. Ko dai mota ta ƙara shan mai, ko ƙarfinta ya ragu, ko a sa mata wani tanki na musamman mai ruwan magani da ake fesawa cikin salansa. Volkswagen yana so ya cika kasuwar Amurka da motocin dizal masu araha, ga shi dokar can ta fi ta Turai tsanani. Sai injiniyoyinsa suka ɓullo da dabara. Suka sa wa ƙwaƙwalwar motar wani tsari da zai gane in ana gwada ta. A ɗakin gwaji tayoyi na juyawa amma sitiyari ba ya motsi, gudun kuma yana bin wani ƙayyadadden tsari. Da zarar mota ta ga waɗannan alamu sai ta buɗe dukkan na'urorin tace hayaƙi, ta ci jarrabawa. In ta hau titi kuma sai ta sassauta su.

Watau dai kamar ɗan kasuwa ne mai mudu biyu: cikakke na ranar da hukuma ta zo dubawa, da tauyayye na sauran ranaku.

RANA ƊAYA TA MAI KAYA

Ba wata babbar hukuma ce ta fara gano abin ba. Wasu masu bincike ne na Jami'ar West Virginia, waɗanda wata ƙungiyar kula da tsabtar sufuri ta ɗauki nauyinsu. Suka ɗaura na'urar awo a bayan motoci uku, Jetta da Passat da BMW X5, suka yi ta yawo da su a kan titunan Amurka. Sakamakon da suka fitar cikin 2014 ya nuna hayaƙin Jetta ya ninka abin da doka ta yarda sau 15 zuwa 35, na Passat kuma sau 5 zuwa 20.

Kamfanin ya shafe fiye da shekara yana kwana-kwana. A watan Disamba na 2014 har ya kira motocin ya ce ya gyara, amma da hukumar jihar California ta sake aunawa sai ta tarar da sauran rina a kaba. Sai da aka yi barazanar hana shi sayar da motocin 2016 sannan ya amsa laifi. Ran 18 ga Satumba, 2015, hukumar kare muhalli ta Amurka ta fasa ƙwai: motoci kusan 482,000 ƙirar 2009 zuwa 2015 suna ɗauke da wannan dabara, hayaƙinsu kuma yakan kai ninki 40 na ƙa'ida. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya ce abin ya shafi motoci miliyan 11 a duniya, har da Audi da Skoda da Seat. Ran 23 ga watan, shugabansa Martin Winterkorn ya yi murabus.

A 2017 kamfanin ya amsa laifi a gaban kotun Amurka, ya yarda da tarar dala biliyan 4.3. An ɗaure wani manajansa, Oliver Schmidt, shekara bakwai. A 2023 wata kotu a Munich ta yi wa tsohon shugaban Audi, Rupert Stadler, ɗaurin talala. Jimillar abin da wannan rigima ta ci wa kamfanin ya haura Yuro biliyan 30.

MOTA ƊAYA, RABO DABAM

Kiranye shi ne kamfani ya sanar cewa akwai aibi a wani rukunin motocinsa, ya nemi masu su su kawo a gyara kyauta. Aibin daga masana'anta yake, ba daga direba ba, don haka kamfani ne ke biya. To amma abin da mai mota ya samu a wannan karon ya danganta ne ga ƙasar da yake zaune.

A Amurka, sulhun da kotu ta amince da shi cikin 2016 ya kai dala biliyan 14.7. An ba mai mota zaɓi biyu: ko kamfani ya saye motarsa a kan farashinta na kafin tonon asiri, ko a gyara masa. Ko wanne ya zaɓa, akwai diyya a kai daga dala 5,100 zuwa wajen 10,000. Mafi yawa suka mayar da motocinsu. Ya zuwa farkon 2018 kamfanin ya saye kimanin 350,000, aka jibge su a filaye dabam-dabam, har da wani tsohon filin ƙwallo a jihar Michigan da cikin hamadar California. Sharuɗɗan sulhun sun hana a sake sayar da su ko a fitar da su waje sai an gyara.

A Turai, inda motocin suka kai miliyan 8.5, labari ya sha bamban. Gyara kawai aka yi, watau aka sauya tsarin ƙwaƙwalwar motar, masu inji lita 1.6 kuma aka ƙara musu wani ɗan bututun roba mai raga a hanyar iska. Babu ko kwabo na diyya da farko. Waɗansu masu motoci sun koka cewa bayan gyaran motar ta ƙara shan mai ko ta rage ƙarfi, kamfanin kuma ya musa. A Jamus gyaran tilas ne, wanda ya ƙi kai motarsa ana iya soke rajistarta. Sai da mutane suka haɗa kai suka kai ƙara sannan kuɗi ya fito. A 2020 babbar kotun Jamus ta ce an yaudari masu saye, suna da hakkin diyya. A Ingila sai 2022 aka yi sulhu a kan fam miliyan 193 ga mutum kusan 91,000.

Mota ɗaya, inji ɗaya, laifi ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne ƙarfin doka da ƙarfin masu neman hakki.

INA RUWAN MAI TOKUMBO?

Mai karatu zai iya cewa ai ƙananan motocinmu na fetur ne, masu dizal kaɗan ne. Gaskiya ne. Sai dai kiranye bai tsaya ga hayaƙi ba, kuma tokumbo daga waɗannan ƙasashe take zuwa. Wani rahoto da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar cikin 2020 ya ce daga 2015 zuwa 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari kuwa Afirka suka nufo. Nijeriya na cikin manyan masu karɓa, ta tashoshin jirgin ruwa na Legas da kuma ta Kwatano.

Ga inda gizo ke saƙa. Takardar kiranye ana aika ta ne ga adireshin da ke cikin rajistar mota a can ƙasar. In an sayar da motar a gwanjo, ta hau jirgi, ta sauka Tin Can, ta kwana a Berger, ta ƙare a hannun wani a Agege ko Sabo ta Ibadan, to takardar ba za ta bi ta ba. Bugu da ƙari, dokar tarayyar Amurka ba ta tilasta wa dillalin tsohuwar mota ya yi gyaran kiranye kafin ya sayar ba. Saboda haka mota na iya isowa da aibinta cur, mai ita bai sani ba, wanda ya sayar masa ma bai sani ba.

Misali mafi tayar da hankali shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata na Japan, watau balan-balan ɗin da ke fitowa daga sitiyari in an yi karo. Sinadarin da ke hura ta yana lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima. In haka ta faru, ranar haɗari sai gwangwanin ƙarfen da yake ciki ya tarwatse, ɓarɓashi ya soki direba a fuska ko wuya. An kira jakunkuna wajen miliyan 67 a Amurka kaɗai, mutum fiye da 30 sun mutu a duniya, kamfanin kuma ya durƙushe cikin 2017. Motocin da abin ya shafa sun haɗa da tsofaffin Honda Accord da Civic da Toyota Corolla da waɗansu BMW da Nissan da Ford, irin waɗanda suka cika titunanmu. Waɗansu Honda ƙirar 2001 zuwa 2003 ma cewa aka yi kada a tuƙa su sam sai an gyara. Zafi da laima kuwa, ai su ne yanayin Legas da Fatakwal da Warri. Kuma babu wata fitila a gaban direba da za ta nuna wannan aibi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, lambar shasi. Kowace mota da aka ƙera wa kasuwar Amurka tun 1981 tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17. Ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin dogaran ƙofa. Hukumar kiyaye haɗarin mota ta Amurka, NHTSA, tana da shafi a intanet inda ake sa lambar kyauta, ya nuna kiranyen da ba a yi wa motar ba. Manyan kamfanonin mota ma suna da irin wannan shafi. Wanda bai iya Turanci ba ya nemi ɗa ko ƙane ya duba masa a waya. Aikin minti biyu ne, kuma gwamma a yi shi tun kuɗi na aljihu.

Na biyu, a tabbata lambar da ke jikin mota ita ce ke cikin takardun kwastan. In sun saɓa, to matsalar ta wuce ta kiranye.

Na uku, in an ga kiranye, a je wurin wakilin kamfanin na ƙasar nan da lambar, a tambaya ko zai yi gyaran, a kuma nemi amsa a rubuce. Kiranye lambar mota yake bi, ba sunan wanda ya fara saye ba. Nijeriya tana da hukumar tarayya mai kula da gasa da kare hakkin masu saye, FCCPC, wadda ake iya kai wa kuka. Ko da gyaran bai samu ba, sanin aibin ya isa a rage farashi ko a fasa ciniki.

Na huɗu, a yi hattara da jakar iska ta gwanjo. Wadda aka ciro daga tsohuwar mota tana iya zama mai irin wannan ciwo, a biya kuɗi a sayi haɗari.

NAMU ALGUS ƊIN

Akwai kuma wani abu da ya kamata a faɗa wa juna gaskiya a kansa. A cikin salansar motar fetur akwai wata na'ura mai kama da saƙar zuma da makanikai ke kira indomi, wadda ke ƙone gubar hayaƙi kafin ya fita. Saboda akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, akan cire a sayar, wani lokaci tun kafin mota ta bar Turai, wani lokaci a garejin unguwa. Wanda ya yi haka ya aikata abin da Volkswagen ya aikata ne, sai dai shi da guduma, su da kwamfuta.

Wa ke shaƙar wannan hayaƙi? Ba mai motar da ya rufe gilashi ya kunna sanyi ba. Mai shayi ne a bakin titi, da mai tsire, da ɗan dako a Mile 12, da ɗan acaɓa da ke maƙale a bayan salansa cikin cunkoso, da yaran da ke talla. Da yawansu 'yan'uwanmu ne da suka baro gida neman halali. Saboda haka mai sayen mota ya sa makaniki amintacce ya duba masa indomin, mai mota kuma kada ya yarda a cire masa don 'yan kuɗi kaɗan.

Bature ya samu diyya ne domin akwai hukumar da ta auna, da kotun da ta saurara, da takardar da ta iso shi har gida. Mai tokumbo ba wanda zai aiko masa takarda. Lambar nan 17 da ke ƙasan gilashi ita ce ke hannunsa, kuma rigakafi ya fi magani.