Jirgin Ruwa Ba Ya Jiran Baƙo: Darasi Daga Hanyar Sawakin

Duk wanda ya san tarihin Hausawan Sudan ya san cewa yawancin ƙauyukansu sun samo asali ne daga zango. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a shekarar 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas tare da jama'arsa, har suka sauka a gaɓar Shuɗin Nil, kudu da Sannar, inda aka kafa garin Mai Wurno a 1906. Bayansu ayari ya yi ta bin ayari. Da aka kammala madatsar ruwan Sannar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe, sai mahajjata suka riƙa tsayawa su yi ƙodago domin tara guzuri. Wani ya yi niyyar damina ɗaya, ya yi goma. Wani kuma jikokinsa ne suka ƙarasa masa tafiyar. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya rubuta littafi a kansu a 1995, ya kira su mahajjatan da ba su gama tafiya ba.

Saboda haka mutanen nan sun fi kowa sanin abin da matafiyin ruwa yake bukatar sani: sauka tana da sauƙi, komawa cikin jirgi a kan kari shi ne aiki. A yau da iyalai da dama suke shiga jirgin fito daga Sawakin zuwa Jidda, wasu kuma masu hali suke shiga manyan jiragen shaƙatawa na Bahar Maliya masu yada zango tasha-tasha, ya kamata a waiwayi wannan darasi.

Daga ƙauye zuwa bakin teku

A da, tafiyar ta dogara ne ga jirgin ƙasa, tun da aka haɗa Sannar da Gadarif da Kasala a 1929. Alhaji ya isa Sawakin ba shi ne ya shiga jirgi ba: sai an yi masa lamba, an tsare shi a wurin killacewa, an ga shaidar kuɗin komawarsa. Wanda waɗannan suka gagara, sau da yawa yakan bi ta ɓarauniyar hanya ya hau kwale-kwalen Larabawa, ya sa ransa cikin haɗari.

Daga baya mota ta karɓi aikin. Daga Madani zuwa bakin teku kusan kilomita 1,000 ne, ta Gadarif da Kasala da Haiya, sannan a gangaro daga duwatsun Sinkat a faɗa Sawakin. Amma tsofaffin matafiya ba sa fara lissafi daga bakin kwalta, daga ƙofar gida suke farawa. Ƙasar Jazira baƙar laka ce. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan dare ɗaya yana iya hana akori-kura fita daga ƙauye, sai dai amalanken jaki. Bugu da ƙari, tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, shingayen bincike suka yawaita. Madani ta fita daga hannun sojoji a Disamban 2023, suka karɓe ta a Janairun 2025, kuma ƙauyuka da yawa na Jazira da Sannar sun sha wuya ƙwarai a tsakanin nan. Wanda zai bi hanyar, wajibi ne ya tambayi wanda ya biyo ta a makon, domin matambayi ba ya ɓata.

Ƙa'idar da suka gada ita ce a kwana a garin tasha kafin ranar tashi. Kuɗin masaukin dare ɗaya bai kai asarar tikitin iyali guda ba.

Sa'o'in jira da jarabar yawo

Da zarar an isa da wuri, sai wata jaraba ta taso. Sawakin gari ne mai jan ido. A kan tsibirinta akwai kufan gidajen da aka gina da dutsen murjani, waɗanda suka fara zubewa bayan da Turawan Ingila suka gina Bur Sudan a farkon ƙarni na 20, ciniki ya koma can. Akwai masallatan Hanafi da Shafi'i, waɗanda Turkiyya ta gyara. Bur Sudan kuma tana arewa, tazarar kilomita 60, da kasuwanninta da ƴan'uwa da ake son gaisarwa.

A nan ake rarrabe ziyara biyu. Tsibirin yana kusa, raksha mai ƙafa uku za ta kai mutum ta komo da shi. Zuwa Bur Sudan kuwa tafiya ce ta kamar sa'a guda, komowa ma haka, ban da jiran ƙaramar bas ta cika, domin ba ta tashi da agogo, da fasinja take tashi. Sannan jirgin da aka ce zai tashi da dare, tun da rana ake fara awon kaya da binciken kwastan da buga hatimi a tashar Usman Digna. Wanda ya riƙe lokacin tashin jirgi kaɗai, ya manta da lokacin rufe ƙofa, ya riga ya makara.

Yadda abin yake a jiragen shaƙatawa

Tun 2021 manyan jiragen yawon buɗe ido suka fara tashi daga Jidda, suna tsayawa a tashoshi irin su Akaba ta Jodan da Safaga ta Masar. Jirgi yakan iso da safe, fasinjoji su fita ganin gari, ya tashi da yamma. Ga abubuwan da ya kamata magidanci ya kiyaye.

Na farko, lokaci biyu ne: na tashin jirgi, da na komowar fasinja, wanda yawanci yakan riga shi da rabin sa'a. Idan jirgin bai matso gaɓa ba, sai da ƙananan jiragen fito ake kai mutane, to na ƙarshensu yana barin gaɓa tun kafin haka.

Na biyu, a san agogon da ake bi. Sudan tana gaban Nijar da Najeriya da sa'a ɗaya tun Nuwamban 2017, Saudiyya da Jodan suna gaba da sa'a biyu, Masar kuwa tana ƙara sa'a ɗaya a lokacin zafi tun 2023. Wayar hannu takan sauya lokaci da kanta ba tare da mai ita ya lura ba. Abin dogaro shi ne agogon jirgi, sai a daidaita na hannu da shi kafin a sauka.

Na uku, lissafi daga ƙarshe ake faro shi. A ɗauki misalin jirgin da ya tsaya a Safaga da ƙarfe 8 na safe, zai tashi 6 na yamma. Ƙofa za ta rufe 5:30. Mai hankali zai ajiye sa'a ɗaya saboda facin taya ko cunkoso, wato 4:30. Kafin a gama sauka a sami mota 9 ta yi. Saura sa'o'i bakwai da rabi. Luksor, inda kowa yake son zuwa, tafiyar wajen sa'o'i uku da rabi ce, zuwa da komowa bakwai ke nan. Rabin sa'a ta rage ta ganin abin da aka je gani. Daga Akaba zuwa Betra kuwa kamar sa'o'i biyu ne, don haka lissafin ya fi yalwa.

Na huɗu, bambancin motar kamfani da ta haya. Ziyarar da kamfanin jirgi ya shirya ta fi tsada, amma in motarsu ta makara, ko dai jirgi ya jira, ko kamfanin ya ɗauki nauyin sadar da mutane da shi. Wanda ya yi shatar tasi da kansa, in ya makara, wuyansa ne: kuɗin jirgin sama zuwa tasha ta gaba, da biza, da masauki. Saboda haka wuri mai nisa a bi kamfani, na kusa a yi na kai. In an yi shata, a yanke farashin zuwa da komowa tun farko, kada a biya duka sai an komo.

Na biyar, kada a sauka sai da katin jirgi, da hoton fasfo, da maganin da ake sha kullum, da lambar wakilin jirgi a tashar, wadda ake bugawa a takardar shirin kowace rana. Wurinsa ake barin fasfon wanda jirgi ya tafi ya bari.

Mai niyyar umra daga Jidda

Tsakanin Jidda da Makka bai wuce kilomita 80 ba, kuma tun 2018 akwai jirgin ƙasa na Haramaini. Wannan kusancin yana ruɗin mutane. Ɗawafi da sa'ayi ba su da ƙayyadadden lokaci; cunkoson Ramalana ko na Jumma'a yana iya ninka su, balle ga mai tafe da tsoho ko ƙananan yara. Kafin a bar gida a tabbatar cewa bizar da ke hannu ta halatta umra, a kuma tambayi malamai wurin ɗaukar harami, domin hukuncin wanda ya ƙetaro daga Sawakin kai tsaye, wanda malamai da dama suka ce daga Jidda zai ɗauka, ba lalle ya zama ɗaya da na wanda jirginsa ya gangaro daga arewa ba. In sa'o'in sun yi kaɗan, gara a bar ta sai an zo mata musamman, da a yi ibada ido yana kan agogo.

Abu na ƙarshe, iyali kada su rarrabu. In kuwa dole ne, a sa wuri da lokacin haɗuwa, kowane yaro kuma a saka masa takarda mai sunan jirgi a aljihu. Ayarin da suka kafa ƙauyukan Shuɗin Nil ba sa tashi daga zango sai madugu ya ƙidaya mutanensa. A jirgin zamani ana ƙidayawa da na'ura, amma ba a jiran wanda ya ɓace. Wannan aikin ya koma wuyan maigida.

Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su lafiya, Ya kuma zaunar da ƙasar Sudan.