Hawan Keke a Kan Duwatsu: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A wajenmu keke abin sufuri ne: a ɗaura masa buhu a baya, ko a tafi gona da shi. Shi ya sa idan aka ce akwai masu ɗora keke a mota su kai shi bakin tsauni don kawai su gangaro ta cikin duwatsu, wani zai ce abin nema ne ya samu. Amma wasa ne mai dokokinsa, har ya shiga gasar Olamfik a 1996 a birnin Atlanta.

Asalinsa yankin Marin ne, a jihar Kalifoniya ta Amurka. A shekarun 1970 wasu samari, irin su Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly, suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan Schwinn masu faffaɗar taya suna gangarowa da su daga tsaunukan da ke kewaye da Dutsen Tamalpais. A 1976 suka fara tsere a wata gangara mai tsawon kusan kilomita 3 kusa da garin Fairfax. Birkin kekunan a cibiyar tayar baya yake, kuma saboda tsananin zafi giris ɗinsa ƙonewa yake yi, sai an sake cusa wani bayan an sauko. Daga nan tseren ya samu sunan Repack, wato sake cusawa. Breeze ya ƙera keke na musamman don wannan aiki a 1977, sannan a 1981 kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper kasuwa.

Keken na yau tayarsa ta fi inci 2 faɗi, da ƙuraje masu kama ƙasa, ga sifirin a gaba mai shanye gargada, wani har da baya. Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne iska: ba a cika tayar tam. Taya mai ɗan laushi rungumar dutse take yi, mai tauri kuwa tsalle take yi a kansa. Sai dai idan laushin ya yi yawa, kaifin dutse zai matse tiyub da ƙarfen wili, ya bar huda biyu a jere kamar saran maciji. Duk mai faci ya san irinta.

To, ga ainihin maganar. Mutum ya nufo wuri mai duwatsu, gabansa ya faɗi, sai ya yi abu uku a lokaci guda: ya ƙanƙame kan keken, ya kafa wa dutsen da yake tsoro ido, ya damƙe birki. Ukun nan su ne ke kayar da shi. Keke inda ido ya kalla yake bi. Ka zuba wa dutse ido, to shi za ka je ka daka. Gwanaye ratar da ke tsakanin duwatsun suke kallo, can gaba da taya. Suna tashi daga kan sirdi, fedoji biyu a daidai da juna don kada ta ƙasa ta kafci dutse, gwiwa da gwiwar hannu a lanƙwashe, su bar keken yana rawa a ƙarƙashinsu. Ka gan su kamar mahayin da ya saba da sukuwa: dokin na ta aikinsa, kan mahayin bai motsa ba.

Birki kuma da yatsa ɗaya ake taɓa shi, a hankali. Na gaba ya fi ƙarfi, kuma shi ne mai wurga mutum ta saman keke idan aka fizge shi a gangara. Kafin a shiga duwatsun ake rage gudu, ba a tsakiyarsu ba. A nan ne hankali ke ƙin yarda: tafiyar hawainiya ta fi matsakaicin gudu haɗari, domin tayar da ba ta da ƙarfin haye dutse cijewa take yi, mahayi ya wuce ya bar keken.

Hular kwano ba ta da madadi. A ƙara da safar hannu, da ruwa, da famfo da kayan faci, don babu mai gyara a kan tsauni. Inda ya fi ƙarfin mutum, ya sauka ya tura. Ƙwararru ma sukan taka wuri da ƙafa su duba shi tukuna.

A gandun shaƙatawa ba kai kaɗai ke da hanya ba. Ƙa'idar da ƙungiyar masu hawan keke a tsauni ta IMBA, wadda aka kafa a 1988, ta yaɗa ita ce mai keke ya ba mai tafiya a ƙasa da mai doki hanya, mai gangarowa kuma ya kauce wa mai hawa, tunda wanda ya tsaya a tsakiyar hawa da ƙyar yake sake tashi. Bayan ruwan sama kuma a haƙura har ƙasa ta sha iska, don sawun taya a cikin laka shi ne ke zama hanyar ruwa, ya zaizaye turbar.