Samari Masu Ƙanjamau da Ciwon Zuci

Tun 2006 Gwamnatin Tarayya ta mai da maganin ƙanjamau kyauta, amma magani ba ya taɓa baƙin ciki. Yaron Ɗan Isa ko Zurmi da aka haifa da cutar, ran da ya gane abin da ke jikinsa, sai ya janye daga abokai, barci ya ƙaurace masa, wani har ya daina shan magani. To, nan haɗarin yake, gama cutar takan farfaɗo.

Muna roƙon malaman makaranta, kada su ce iskoki ne. Su shawarci iyaye a asirce a gaya wa malamin asibiti, ya tura yaron Gusau, ko asibitin masu taɓin hankali na Kware. Dokar 2014 kuwa ta hana korar ɗalibi saboda cutar.